Zaman Da'ira: Yadda Abokan Aiki Za Su Raba Nauyin Jagoranci

Duk wanda ya taɓa aiki cikin jama'a, ko a makaranta, ko a asibiti, ko a ƙungiyar gama kai ta manoma, ko a kwamitin masallacin unguwa, ya san irin taron nan da shugaba yake zama a bayan teburi, sauran mutane su jeru a gabansa sahu-sahu, ya yi ta bayani har ya gaji, sa'an nan ya ɗaga kai ya tambaya ko akwai mai magana, kowa ya sunkuyar da kai, in an yi dace wani dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, ai abin da ka faɗa shi ne daidai," a shafa fatiha a watse. Da an fita ƙofa kuwa, sai ka ga mutane sun rabu uku-uku, huɗu-huɗu, a gindin bishiya ko a teburin mai shayi, kuma a nan ne za ka ji wanda bai ce uffan ba a ciki yana zayyana illar abin da aka zartar, yana kawo hujjojin da, da shugaba ya ji su, da lalle ya sake shawara. Hasarar da ke cikin wannan babba ce, domin ilmin da ƙungiya take bukata yana nan a ƙirazan 'ya'yanta, tsarin zama ne ya hana shi fitowa a lokacin da zai yi amfani. Shugaban ma, wanda ake zaton shi ya ci riba, ya fi kowa cutuwa, don an bar masa kaya shi kaɗai, in abu ya yi kyau a ce aikin kowa ne, in ya ɓaci a ce ai shi ya yanke.

Maganin da nake so in bayyana shi ne zaman da'ira, watau abokan aiki su zauna a kewaye kowa yana ganin fuskar kowa, magana tana zagayawa bisa ƙa'ida, ayyukan tafiyar da zaman kuma suna yawo daga hannu zuwa hannu har kowa ya saba da jagoranci. Siffar zaman ba baƙuwarmu ba ce, domin wanda ya yi karatun zaure ya san halƙa, ya san yadda ɗalibai suke kewaye malami kowa da littafinsa yana jira a zo kansa. Shawara kuwa asali ce a cikin addini, har akwai sura guda a Alƙur'ani mai girma da ake kira da sunanta. Abin da mutanen wannan zamani suka ƙara shi ne tsara ladubban zaman daki-daki domin wuraren aiki. Wasu mata biyu 'yan Amurka, Christina Baldwin da Ann Linnea, sun daɗe suna koyar da wannan hanya tun cikin shekarun 1990, suka tattara ta a littafin da suka fitar a 2010, suka gina ta a kan rukunai uku: jagoranci ya riƙa zagayawa, nauyi ya zama na kowa, a kuma dogara ga abin da jama'a suka taru dominsa maimakon son ran mutum guda. Kafin su, wani injiniya ɗan ƙasar Holan mai suna Gerard Endenburg ya fara, wajen shekarar 1970, raba ma'aikatan kamfanin lantarki na gidansu da ke birnin Rotterdam zuwa da'irori, kowace da'ira tana yanke hukuncin abin da ya shafi aikinta da yardar mutanenta. Daga waɗannan hanyoyi biyu na tsamo abin da zai biyo baya, tare da abin da na ga ya dace da al'adarmu.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙawa ce ta masu son sabon abu. A shekarar 2010 mujallar kimiyya ta Science ta buga binciken da Anita Woolley ta jami'ar Carnegie Mellon ta yi tare da abokan aikinta a kan mutum 699, waɗanda aka raba su ƙungiyoyi na mutum 2 zuwa 5, aka ba su ayyuka iri-iri su warware tare. Abin da aka gano shi ne, ƙwazon ƙungiya bai rataya sosai ga kaifin basirar wanda ya fi kowa a cikinta ba. Daga cikin abubuwan da suka fi tasiri akwai yadda aka raba lokacin magana daidai wa daida, da yadda mutane suke fahimtar halin da junansu ke ciki. Ƙungiyar da mutum ɗaya ko biyu suka mamaye zancenta ta kasa wadda kowa ya sami bakin magana a cikinta.

Aiki na fari yana kan shugaba ne, tun kafin a shimfiɗa tabarma ko a jera kujeru, shi ne ya tsarkake niyyarsa, ya tantance wa kansa abin da yake nema daga zaman. Mas'alolin da ake kawowa gaban jama'a iri uku ne: akwai wadda an riga an yanke hukuncinta daga sama, sanarwa kawai za a yi, akwai wadda shugaba yake neman ra'ayi a kanta amma hukunci yana hannunsa, akwai kuma wadda ya sakar wa jama'a gaba ɗaya, abin da suka tsayar shi ne zai gudana. Wajibi ne a faɗa wa mutane wace ce daga cikin ukun nan tun a cikin gayyata, domin babu abin da yake kashe zaman shawara kamar a bar mutane su ɓata awa biyu suna tufka, daga baya su gane tun jiya aka gama magana. Masu tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun kawo cewa a Badar, shekara ta 2 bayan hijira, da rundunar Musulmi ta sauka a wani wuri, sahabi Hubabu ɗan Munzir bai fara da ba da shawara ba, sai da ya tambaya ko saukar nan umurni ce daga Allah wadda babu damar gusawa daga gare ta, ko kuwa ra'ayi ne da dabarar yaƙi. Da aka ce masa ra'ayi ne, sa'an nan ya kawo shawararsa ta a matsa zuwa ruwan da ya fi kusa da abokan gaba, aka kuma karɓa. Abin da Hubabu ya nemi sani shi ne abin da kowane ma'aikaci yake tambayar kansa a ɓoye idan an kira taro, kuma shugaban kirki shi ne wanda ya amsa tun ba a tambaye shi ba.

Gayyatar kanta ta zo da tambaya guda bayyananniya, a aika da ita kwana biyu ko uku kafin ranar, don masu jinkirin tunani, waɗanda sau da yawa su ne masu zurfinsa, su sami damar kwana da ita. Yawan mahalarta, a ganina, kada ya gaza 5, kada kuma ya wuce 15. Lissafin a fili yake, in mutum 12 ne kowa ya yi minti 2, zagaye ɗaya ya cinye minti 24, zagaye uku sun haura awa guda. In jama'a sun fi haka, a raba su da'ira biyu, kowace ta aiko da wakilinta.

Wajen shirya wuri, a kawar da teburin tsakiya in zai yiwu, a jera kujeru iri ɗaya ko a shimfiɗa tabarmi a kewaye, kada a bar sahu na biyu a baya, domin wanda ya zauna a bayan wani ya riga ya cire kansa daga magana. A nan akwai abin da ya kamata a yi hattara da shi a ƙasarmu, don kada neman daidaito ya kai mu ga zubar da girman manya. Ba laifi a ajiye wa dattijo wurin da ya fi inuwa, ko a shimfiɗa masa buzu a kan tabarma, muddin dai yana cikin kewayen tare da kowa. Haka kuma inda maza da mata suke aiki tare, a ba mata ɓangare guda na kewayen, maza ɓangare guda, a bar 'yar tazara a tsakani. Da'irar ba ta karye ba, kunya kuma ba ta keta ba, sharaɗin kawai shi ne kada a mai da mata can ƙurya inda muryarsu ba za ta iso ba. A tsakiya a ajiye wani abu da yake tuna wa mutane dalilin taruwarsu: in malaman makaranta ne, rajistar yara, in ƙungiyar manoma ce, damin dawa ko littafin asusu, in ma'aikatan jinya ne, takardar da aka rubuta tambayar ranar da manyan baƙaƙe. Fa'idarsa ita ce, idan magana ta yi zafi, mai magana ya kalli tsakiya yana faɗin abin da ke ransa, ya zama mas'ala ake tuhuma, fuskar ɗan'uwansa ta tsira.

Zaman yana bukatar ma'aikata uku. Na farko mai masauki, wanda yake buɗe zama, ya karanta tambaya, ya lura da tafiyar zagaye, alhali shi ma ɗaya ne daga cikin masu magana. Na biyu mai kula, wanda yake zama daura da mai masauki don idonsa ya ga abin da na ɗayan bai gani ba, aikinsa lura da agogo da kuma yanayin zukata. Yana riƙe da 'yar ƙararrawa, ko kuwa a yarda ya tafa hannu, in ya buga sau ɗaya kowa ya yi shiru, bayan ɗan lokaci ya sake bugawa, ya faɗi dalilin tsayawar, sa'an nan a ci gaba. Kowane mahalarci yana da haƙƙin ya roƙi mai kula ya tsayar da zama in ya ga ana neman fita daga ladabi. Na uku magatakarda, wanda ba a neme shi da rubuta duk abin da aka faɗa ba, illa hukuncin da aka tsayar, da sunan wanda ya ɗauki kowane aiki, da ranar cikawa. Sirrin raba jagoranci yana cikin waɗannan muƙamai uku, domin ba a barin su a hannu ɗaya zama biyu a jere. Wanda ya yi magatakarda yau, wata mai zuwa shi ne mai kula, na gaba kuma mai masauki, har a wayi gari masinja da akawu da ƙaramin malami duk sun taɓa riƙe zaman da shugabansu yake ciki a matsayin mahalarci. Mutumin da ya taɓa ɗaukar nauyin tsayar da gardama tsakanin manya biyu da ladabi ba zai ƙara kallon taro a matsayin aikin wani ba.

A zaman farko, kafin a taɓa kowace mas'ala, a ƙulla alkawura, a rubuta su, a kuma riƙa karanta su a farkon kowane zama. Kada su yi yawa. Mafi girmansu shi ne amana: abin da mutum ya faɗa game da kansa ko damuwarsa ya tsaya a wurin, hukuncin da aka yanke ne kaɗai yake fita. Sai sauraro ba tare da katse numfashi ba, sai kowa ya yi magana da bakinsa, ya ce ni na gani, ni nake tsoro, ya bar fakewa da "mutane suna cewa", domin wannan kalma ƙofa ce ta annamimanci, kuma ba a iya yi mata tambaya. Sai kuma barin ambaton wanda ba ya nan da abin da zai ƙi, wanda dama giba ce ko a da'ira ko a wajenta.

Bayan addu'ar buɗewa, wadda in jama'a ba addininsu ɗaya ba sai a ba kowane ɓangare haƙƙinsa ko a yi ɗan shiru tare, sai a yi zagayen gaisuwa, kowa ya faɗi a taƙaice yadda ya zo da halin da yake ciki. Masu gaggawa sukan raina wannan, su ce ɓata lokaci ne, amma ni ina ganin kuskure suke yi, saboda dalili biyu. Na ɗaya, wanda ya buɗe baki sau ɗaya a farkon zama, ko da a kan gajiyar hanya ne, buɗewa ta biyu takan zo masa da sauƙi. Na biyu, in wani ya ce ɗansa ne ya kwana da zazzaɓi bai runtsa ba, to an san dalilin ɗaurewar fuskarsa, ba za a fassara ta da ƙiyayya ga shawarar wani ba.

Daga nan sai a shiga mas'ala da abin da ake kira sandar magana. Wannan al'ada an fi saninta ga ƙabilun asali na Arewacin Amurka, kuma ba dole ta zama sanda ba, alƙalami ma ya isa, ko ɗan dutse, ko ludayi. Hukuncinta dai shi ne wanda yake riƙe da ita shi kaɗai yake magana, sauran duka masu sauraro ne, har shugaba. Wanda ba shi da ta cewa ya riƙe ta ɗan lokaci ya miƙa gaba, ba a tilasta kowa, in an gama zagaye a sake komowa kansa ko ya sami abin faɗa. Ana miƙa ta ta hannun dama, ba a tsallake kowa saboda ƙanƙantarsa. Muna da madogara mai kyau a kan wannan a hadisin Anas ɗan Malik da ke cikin Buhari da Muslim, inda aka kawo wa Annabi madara, Sayyidina Abubakar yana hagunsa, wani balaraben ƙauye yana damansa, da ya sha sai ya miƙa wa na daman, duk da falalar Abubakar da kowa ya sani. Wanda ya ji wannan ba zai ga rashin ladabi ba idan sanda ta iso hannun ƙaramin ma'aikaci kafin babba. Hasali ma ina ba da shawara a tsara zama yadda shugaba zai zama na ƙarshe a zagaye, watau a fara daga wanda ke damansa, domin a wurinmu in babba ya riga ya bayyana ra'ayinsa, abin da zai biyo baya amin ne kawai.

A ƙaddara makarantar firamare ce mai malamai 12, tambayar da ke tsakiya kuma ita ce me ya sa yara ba sa komowa aji bayan tara a ranar kasuwa. A irin taron da aka saba, hedimasta zai ce a tsananta horo, a rufe ƙofa, a sa bulala, kowa ya ce to. A da'ira kuwa, sanda ta fara daga malamin lissafi, ya ce shi dai yana ganin sakacin iyaye ne. Na kusa da shi ya goyi bayansa. Ta zo hannun wata malama sabuwar ɗauka, wadda ba ta taɓa magana a taro ba, ta riƙe ta, ta yi shiru har wani ya fara motsi zai karɓe zancen, mai kula ya ɗaga masa hannu a hankali. Sai ta ce, "Allah ya gafarta malam, ni a unguwar nake. Yawancin yaran nan iyayensu mata ne suke jiran su da farantin talla, don ranar kasuwa ce kaɗai ake samun ciniki, kuma da kuɗin ake sayen sabulu da littafin rubutu. In an rufe ƙofa, ina tsoron ranar ba za a turo su ba sam." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga wannan magana zagaye na biyu ya sake fuska gaba ɗaya: wani ya ce a mai da darussa masu nauyi zuwa safiyar ranar kasuwa, wata ta ce a je a zauna da iyaye mata a ji ta bakinsu, malamin lissafi da kansa ya ce shi zai sake tsara jadawali. Da sanda ta iso hannun hedimasta, abin da ya rage masa shi ne ya faɗi abin da doka ta ba shi iko a kai da abin da sai ya nemi izini daga ofishin ilmi. Ilmin da ya warware matsalar yana wurin wadda ta fi kowa ƙanƙanta, abin da ya fito da shi kuwa ɗan shirun nan ne da aka tsare mata.

Ba dole a riƙe sanda daga farko har ƙarshe ba. In an yi zagaye ɗaya ko biyu kowa ya ajiye abin da ke cikinsa, mai masauki yana iya ajiye ta a tsakiya a saki zance, a yi tambaya da amsa yadda aka saba; da mai kula ya ga murya biyu ko uku sun fara rinjaye, sai ya buga, a koma zagaye.

Wurin yanke hukunci shi ne inda da'irori da yawa suke tuntuɓe, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Akwai masu zaton sai kowa ya so shawara kafin ta wuce, wannan kuwa ijma'i ne da ba kasafai ake samunsa ba, nemansa yakan sa a gaji a bar magana a rataye. Akwai kuma masu gaggawar ƙidaya hannuwa, bakwai su kayar da biyar, biyar ɗin su fita da ƙulli a zuci, su zuba ido su ga abin ya lalace. Hanyar da Endenburg ya bi tana tsakanin biyun: ana tsara shawara guda a fili, magatakarda ya karanta ta, sa'an nan a zagaya ana tambayar kowa ko yana ganin wata ɓarna a cikinta wadda za ta hana ƙungiya cim ma manufarta. In babu mai hujjar ƙi, ta wuce, ko da wasu sun fi son wata. Wanda ya ƙi kuwa wajibi ne ya kawo dalilin da sauran za su iya aunawa, kuma dalilinsa ya zama abin gyara shawarar, a yi masa godiya a kai. Ɗalibin fiƙihu zai ga kusancin wannan da ƙa'idar malamai ta gabatar da kore ɓarna a kan jawo amfani. Domin sauƙaƙawa, Baldwin da Linnea suna amfani da babban yatsa: a ɗaga shi sama alamar yarda, a kwantar da shi alamar akwai tambaya ko damuwa, a juya shi ƙasa alamar ƙi. A fara sauraron masu kwantarwa da masu juyawa ƙasa, a gyara abin da zai gyaru, a sake gwadawa. Abin da yake sa zukata su saki shi ne a sa wa hukunci wa'adi, a ce za a gwada shi wata biyu a sake dubawa ranar kaza, domin mutum yakan yarda da gwaji ko da bai yarda da dawwama ba.

Ko zaɓen wanda zai riƙe wani aiki ana iya yin sa a da'ira ba tare da kamfe ba. Kowa ya rubuta sunansa da sunan wanda yake ganin ya cancanta a 'yar takarda, mai masauki ya karanta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi hujjarsa a gaban wanda ya zaɓa, a ba da dama ga wanda hujjar wani ta sauya masa ra'ayi ya sauya, sa'an nan mai masauki ya gabatar da suna guda bisa ƙarfin hujjoji, a nemi yarda kamar yadda aka bayyana. Wannan ya fi kusa da tarbiyyarmu, wadda ta ƙi mutum ya nemi shugabanci da kansa, ga shi kuma mutane sukan ji alherin da abokan aikinsu suke gani a tare da su, wanda da ba don wannan zama ba, da wataƙila ba za a taɓa faɗa musu ba.

Kafin a tashi, magatakarda ya karanta ayyuka, kowane aiki da mai shi da ranarsa, kuma mai aikin ne zai ce na ɗauka da bakinsa; aikin da aka ce "za a yi" ba a ambaci suna ba, ba za a yi shi ba. A naɗa ma'aikata uku na zama mai zuwa, a sa rana, a yi zagayen sallama kowa ya faɗi kalma ɗaya ko biyu a kan abin da ya ƙaru da shi ko abin da ya rage masa a rai, a rufe da addu'ar tashi daga majalisa. A tashi a kan lokacin da aka yi alkawari, ko da magana ba ta ƙare ba.

Ya rage in faɗi inda wannan hanya ba ta da amfani, da abin da yake kashe ta. Ba a kiran da'ira in gobara ta tashi, ko mai naƙuda ta iso asibiti cikin dare. A nan umurnin mutum guda ake bukata, a bi shi nan take, in ya so daga baya a zauna a duba yadda aka yi. Ba a kuma kawo laifin mutum ɗaya gaban jama'a a ce za a zagaya a kansa, wannan tozartawa ce, nasiha a keɓe ake yin ta. Haƙƙin da doka ta ɗora wa shugaba, kamar sa hannu a kan kuɗi da amsa tambaya a gaban na sama da shi, yana nan a wuyansa, da'ira ba ta sauke masa shi ba. Amma babban makashin da'ira shi ne ramuwa. In ƙaramin ma'aikaci ya amince da alkawarin amana, ya faɗi gaskiya mai ɗaci, bayan mako biyu ya ga an sauya masa wurin aiki ko an hana shi hutu, to kowa ya ɗauki darasi, kuma daga ranar ko an zauna a kewaye shekara goma ba za a sake jin komai ba sai yabo. Wannan ha'inci ne, kuma gara a ce tun farko ba a kira zaman ba. Haka nan shugaban da yake karɓe sanda ya yi raddi ga kowace magana, ko yake haɗa baki da mutum biyu tun da dare a kan abin da za a tsayar. Abin da ake nema gare shi tawali'u ne na aiki: ya iya zama minti 20 yana jin abin da bai so ba, fuskarsa a sake, in sanda ta iso gare shi ya fara da maimaita abin da ya fahimta kafin ya faɗi nasa.

Zama na farko da na biyu za su zo da nauyi, za a yi shiru mai tsawo, wasu za su miƙa sanda ba su ce komai ba, wasu za su ga abin kamar wasan yara. Wannan ba alamar gazawa ba ce, mutane ne suke gwada ko alkawarin gaskiya ne. Saboda haka ina roƙon duk wanda Allah ya ɗora masa jagorancin mutane, ko da su biyar ne, ya fara da mas'ala ƙarama wadda zai iya sakar musu hukuncinta da zuciya ɗaya, ya zartar da abin da suka tsayar ko da ba shi ya fi so ba, a zama na biyu kuma ya miƙa aikin mai masauki ga waninsa, shi ya zauna ya jira sanda ta zo kansa.